Jadawali da Jeri a Takardun Jama'a: Hanyar Isar da Su ga Masu Lalurar Gani a Madawa, Buza da Keita

Tsakure

Maƙalar ta ɗauki irin jadawali da jerin da jama'ar gundumomin Madawa, Buza da Keita a jahar Tawa ke mu'amala da su, ta auna tsarinsu da ƙa'idojin duniya. Hujjarta ita ce, mai lalurar gani yana rasa ma'anar jadawali duk lokacin da aka bar alaƙar lamba da takenta a hannun ido kaɗai.

Gabatarwa

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, wadda sashenta na 9 da na 21 suka wajabta ba da bayani ta sigar da kowa zai iya amfana da ita. A waɗannan gundumomi, bayanan da rayuwa ta rataya a kansu a jadawali suke zuwa: farashin albasar kwarin Tarka, sakamakon jarrabawar BEPC, sunayen masu karɓar tallafi, da alƙaluman farfaɗo da ƙasa irin na aikin Keita da Italiya da FAO suka soma a 1984.

Hanyar Nazari

An yi amfani da ma'auni biyu: ƙa'ida ta 1.3.1 ta jagororin sauƙaƙa shafukan intanet na WCAG 2.0 (2008), wadda ta buƙaci na'ura ta gane alaƙar da ido ke gani, da ISO 14289-1 (2012) da ya shafi takardun PDF.

Nazari

A ɗauki jadawalin farashi: kasuwanni a layin kwance, watanni a layin tsaye. Mai gani yana ɗaga ido ya ga taken. Mai sauraro da manhajar karanta allo irin NVDA ko TalkBack kuwa gida-gida yake bi. Idan ba a yi wa taken alama ba, zai ji "jaka goma sha biyar" bai san ta wace kasuwa ba ce, bai san watan ba. Gidajen da aka haɗe da waɗanda aka bari wayam suna ƙara ɓatar da shi.

Mafi tsanani shi ne sanarwar da aka liƙa a bango, wani ya ɗauki hotonta ya tura ta WhatsApp. Manhaja ba ta iske jadawali a hoto, dole mutum ya nemi mai karanta masa, har sirrinsa ya fita. Haka jerin da aka buga lambobinsa da hannu: manhaja ba za ta faɗi yawan abin da ke ciki ba.

A rubutun makafi, layi bai cika wuce gida 40 ba, don haka jadawali mai faɗi sai an mayar da shi jeri, kowace lamba da takenta a gefe. Haka kuma, tun da kundin mulkin Nijar na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, wajibi ne a buga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ da Unicode domin manhaja ta gane su.

Kammalawa

Gyaran ba ya cin kuɗi. Sakatarorin ofisoshin magajin gari da makarantu su yi jadawali da kayan aikin Word, su yi wa layin take alama, su daina haɗe gidaje, su tura rubutu tare da kowane hoto. Kafin a fitar da takarda, a ba mambobin ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN, su saurare ta, domin su ne suka san inda ma'ana ke yankewa.