Janye motocin Ford saboda matsalar waifa a 2022

A watan Afrilun 2022, kamfanin Ford ya nemi a dawo masa da motoci sama da 650,000 a Amurka saboda lahani a waifa, wato abin share gilashin gaba. Motocin sun haɗa da F-150, Expedition da Lincoln Navigator ƙirar 2020 da 2021, da manyan a-kori-kura na Super Duty ƙirar 2020 zuwa 2022.

Matsalar tana hannun waifar ne. Ƙananan haƙoran da ke riƙe shi ba su fito daidai ba tun daga masana'anta, don haka suna iya cinyewa, hannun ya saki, ya daina share ruwa. A kan babbar hanya cikin ruwan sama, direba ba zai ga gabansa ba. Dillalan Ford sun canja hannayen biyu kyauta.

Wasiƙar sanarwa tana zuwa ne ga masu rajistar motar a Amurka, saboda haka motar tokumbo na iya isowa Najeriya ba a gyara ta ba. Ana duba wannan da lambar VIN a shafin hukumar NHTSA.