Tarihin Dashen Hannu da Fuska: Aikin Gayyar Likitoci

TAMBAYA: Wani manomi mai sauraronmu daga yankin Funtuwa ya aiko da takarda yana cewa: "An yi gardama a kasuwarmu, wai likitoci suna ɗauko hannun mamaci su dasa wa mai rai har ya yi aiki da shi. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, wane likita ne ya ƙago wannan aiki?"

AMSA: To Malam, mun gode da takardarka. Maganar gaskiya ce, ana dasa hannu, har ma da fuska. Amma batun wanda ya ƙago, babu mutum guda da za a ce shi ne. Aikin gayya ne, kuma tarihi ya nuna duk lokacin da wani ɗan gayya ya fashe, aikin lalacewa yake yi.

Mu fara daga tushe. Kai manomi ka san yadda ake yi wa mangwaro aure, a yanko reshe a ɗaura a jikin wani itace ya kama. To, jikin ɗan Adam bai da wannan sauƙin kai. Yana da garkuwa, watau wasu dakaru a cikin jini da ke auka wa duk naman da ba nasa ba. A watan Disamba na 1954, a birnin Boston na Amurka, aka kauce wa wannan matsala, aka yi dashen ƙoda tsakanin wasu tagwaye masu kama ɗaya, tunda jikinsu ba ya ƙin juna. Dakta Joseph Murray ne ya dasa ƙodar, Dakta Hartwell Harrison ya ciro ta daga jikin mai lafiyar, Dakta John Merrill kuwa, masanin ciwon ƙoda, shi ya lura da majiyyacin. Mutumin ya ƙara shekara 8 a duniya.

A 1964 wani likita a ƙasar Ekwado ya dasa wa wani mutum hannun mamaci. Ɗinki ya yi, amma a lokacin babu magani mai ƙarfin da zai lallashi garkuwar jiki. Cikin makonni kaɗan jiki ya ƙi hannun, tilas aka cire. Daga nan aka yi shiru fiye da shekara 30. Masu wuƙa sun iya nasu, sai dai suna jiran masu haɗa magani. A 1983 aka amince da wani magani mai suna saikulosiforin a Amurka, a 1994 kuma aka amince da takrolimus, wanda masana a Japan suka samo daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa.

Sa'an nan aka koma fage. A watan Satumba na 1998, a birnin Liyon na Faransa, Farfesa Jean-Michel Dubernard ya tara likitoci daga Faransa da Ostireliya da Ingila da Italiya, suka shafe kamar awa 13 suna dasa wa wani mutumin ƙasar Niyu Zilan hannun dama. Hannu ya kama. To amma ga inda gizo ke saƙa: mutumin bai riƙe shan magani yadda aka ƙa'ida masa ba, ransa kuma bai karɓi hannun a matsayin nasa ba. A 2001 aka yanke shi a London bisa roƙonsa.

A watan Janairu na 1999 likitocin birnin Luwisbil na Amurka, a ƙarƙashin Dakta Warren Breidenbach, suka yi nasu. Su kuwa sai da suka tantance majiyyacin, har da binciken hankalinsa da juriyarsa, bayan aiki kuma ya lizimci magani da motsa yatsu. Hannun nan ya yi masa aiki shekara da shekaru. Darasin da aka koya shi ne, majiyyaci ma ɗan gayya ne.

Ga yadda ake raba aikin. Rukuni ɗaya yana gyara dungun majiyyaci, wani rukunin yana shirya hannun da iyalan mamaci suka yarda a bayar. Likitan ƙashi ne ke fara haɗa ƙasusuwa da ƙarfe da kusoshi. Sai a ɗinke agara da jijiyoyin jini da jijiyoyin da ke kai saƙon ji da motsi, ana duba su ta madubi mai ƙara girma, da zaren da ya fi gashin kai siranta. Fata ce ƙarshe. Duk tsawon wannan lokaci mai ba da maganin barci yana tsaye kan numfashi da bugun zuciya, nas-nas suna miƙa kayan aiki. Bayan nan sai jira, domin jijiyar ji tana tofowa ne kamar inci ɗaya a wata. Masu gashin ƙashi su yi ta koya wa yatsu motsi wata da watanni, masanin garkuwar jiki kuma yana auna magani har iyakar rayuwa.

Da fuska ta shigo, gayyar sai ta ƙara girma. A watan Nuwamba na 2005, a garin Amiyan na Faransa, Farfesa Bernard Devauchelle da abokan aikinsa suka dasa wa wata mata da kare ya yaga hanci da leɓɓa da haɓa, kana aka kai ta Liyon wajen su Dubernard don lura da garkuwar jikinta. A 2010 a Barsalona ta ƙasar Sifen, mutum 30 suka yi awa 24 suna dasa fuska sukutum ga wani manomi da bindiga ta tashi da shi. A 2020 a birnin New York, ma'aikata fiye da 140 suka yi awa 23 a kan wani saurayi da ya ƙone, aka dasa masa fuska da hannu biyu a tashi ɗaya.

Sai dai a sani, abin yana da farashi. Maganin da ke hana jiki ƙin dashe yana raunana mutum a gaban cututtuka, yana iya taɓa ƙoda, yana iya jawo ciwon sukari ko ciwon daji. Shi ya sa ba kowa ake yi wa ba, kuma asibitocin da ke da irin wannan taron masana kaɗan ne a duniya.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne mayar wa mutum da nasa hannun ko yatsa in inji ya datse, wanda aka fara cin nasararsa a Boston tun 1962. Wannan ba ya bukatar wancan magani. In hatsari ya auku a injin niƙa ko na sussuka, a danne raunin a tsayar da jini, a naɗe gaɓar da tsumma mai tsabta mai laima, a sa a leda a ɗaure, a ɗora ledar a kan ƙanƙara ba tare da ƙanƙarar ta taɓa naman ba, a garzaya babban asibiti cikin 'yan awoyi. A nan, mai ɗaure rauni da direban mota su ne 'yan gayyar farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.