Me ya sa ake jefa tsutsa a kwalbar barasar Meziko?

A wasu shagunan ƙasar Meziko akan ga kwalaben barasa da 'yar tsutsa kwance a gindinsu. Masu kamfanonin ne da kansu ke jefa ta kafin su toshe kwalbar.

Ita dai wannan barasa ana kiranta mezcal, kuma ana yin ta ne da agave, wani tsiro mai kaurin ganye da ƙayoyi, mai kama da kabar giwa.

Akan sare ganyen a ciro zuciyar tsiron, wadda ke kama da ƙatuwar abarba, a gasa ta a rami, a daka, a bar ta ta tsimu, sannan a dafa a tara tururinta. Mafi yawan mezcal daga jihar Oaxaca da ke kudancin ƙasar yake fitowa.

Mutane da dama na ɗauka cewa a cikin tequila ake samun tsutsar. To amma ƙa'idojin gwamnatin Meziko ba su yarda a saka ta a tequila ba, duk da cewa ita ma da wani nau'in agave ake yin ta.

Dabarar kasuwa

An shafe ɗaruruwan shekaru ana dafa mezcal ba tare da tsutsa ba. Sai a tsakanin shekarun 1940 da 1950 ne aka fara ganin ta a kwalba.

Galibi ana danganta dabarar da wani ɗan kasuwa mai suna Jacobo Lozano Paez, wanda aka ce ya yi imanin tsutsar na ƙara wa barasar ɗanɗano.

Abin da ya tabbata shi ne ta bambanta hajar da sauran barasa, ta kuma ja hankalin masu saye, musamman a Amurka.

Daga nan ne camfe-camfe suka biyo baya. Wasu na cewa tsutsar na ƙara ƙarfin namiji, wasu kuma na cewa tana sa wanda ya haɗiye ta gane-gane. Babu wani binciken kimiyya da ya gaskata ko ɗaya daga ciki.

A yau akasarin mezcal mai tsada ba ya ɗauke da tsutsa, domin masu yin sa na kallon ta a matsayin abin jan hankalin 'yan yawon buɗe ido.

Wace irin tsutsa ce?

A shekarar 2023, masu bincike daga gidan adana tarihin halittu na Florida a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Akito Kawahara, sun wallafa sakamakon gwajin ƙwayoyin halittar tsutsotsi 18 da suka ciro daga kwalabe daban-daban.

Sun gano cewa dukansu 'ya'yan wani nau'in malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, wanda masana ke kira Comadia redtenbacheri. Tsutsar ja ce tun asali, amma launinta kan koɗe idan ta daɗe a jiƙe.

Tun kafin zuwan Sifaniyawa a ƙarni na 16 mutanen yankin ke cin ta, kamar yadda ake cin fara a ƙasar Hausa. Har yanzu ana soya ta, ko a daka ta da gishiri da barkono a yi yaji.

Barazana ga tsiron

To sai dai kuma tsutsar a gindin agave take rayuwa, kuma daga daji ake samo ta. Masu farautar ta sukan tone tsiron ko su tuge shi, lamarin da kan kashe shi.

Nau'in agave da aka fi amfani da shi kan ɗauki kimanin shekaru 7 zuwa 8 kafin ya nuna, wasu na daji kuma har fiye da shekaru 20.

Don haka ne masana ke gargaɗin cewa yadda kasuwar mezcal da ta tsutsar ke bunƙasa na iya ƙarar da ƙwaron da kuma tsiron, muddin ba a samo hanyar kiwon sa a gonaki ba.