Yadda kamfanoni ke bin sawun aikin tilas a gonakin rani

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, yankin Kura da Bunkure da Garun Malam a jihar Kano ya zamo cibiyar noman rani, inda ake noma shinkafa da tumatir da alkama.

Kamfanonin casar shinkafa da na sarrafa tumatir kan sayi wannan amfani, galibi ta hannun dillalai. Sai dai kuma ba kasafai kamfani kan san wanda ya yi dashe, ko ya tsinke tumatirin da ya saya ba.

Mene ne aikin tilas?

Yarjejeniya ta 29 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, wadda aka ƙulla a 1930 kuma Najeriya ta amince da ita a 1960, ta bayyana shi da cewa aiki ne da ake sa mutum ta hanyar barazana, ba da son ransa ba.

Sashe na 34 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 shi ma ya haramta shi.

Ƙungiyar ta ILO ta ƙiyasta cewa a 2021 mutane miliyan 27.6 ne ke cikin wannan hali a duniya.

Wahalar aiki ko ƙarancin lada kaɗai ba su ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne ko ma'aikaci na da ikon ajiye aikin ya kama gabansa.

Matakan bincike

Da farko kamfani kan bi sawun kayan tun daga masana'anta zuwa kasuwa irin ta Kwanar Gafan, har ya kai ga gonar da suka fito.

Daga nan sai ya tantance waɗanda suka fi rauni, kamar 'yan ci-rani da suka baro garuruwansu, da mata, da kuma ƙananan yara.

Sannan masu bincike kan gana da 'yan ƙwadago a bayan idon mai gona, suna neman alamu 11 da ILO ta zayyana. Daga ciki akwai riƙe wa mutum lada, da hana shi tafiya, da ɗaure shi da bashin da ba ya biyuwa.

Babbar matsalar dai ita ce yawancin jinga da baki ake ƙulla ta, ba takarda. Don haka ziyara ta fi amfani a lokacin dashe da girbi, kuma ba tare da sanarwa ba.

Matsin lamba daga waje

Dokar Birtaniya ta 2015 ta wajabta wa manyan kamfanoni bayyana matakan da suke ɗauka kowace shekara.

A 2024 kuma Tarayyar Turai ta zartar da dokar hana sayar da kayan da aka samar ta hanyar aikin tilas, wadda aka tsara za ta soma aiki a Disambar 2027.

Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 sun buƙaci kamfanin da ke da hannu a cutar da ma'aikaci ya gyara ɓarnar, kuma ya auna illar da yanke ciniki za ta haifar kafin ya juya wa manomi baya.