Turaren Amya: Tarihin Gayyatar Zuma

 Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, ɗan tarihi ne, kuma amyar kakana ce ta jawo shi.

Ina yaro, da an gama kaka sai ya ɗauko amyoyinsa da ya saƙa da ciyawa, ya yaɓe su da kashin shanu, ya bari su bushe. Daga nan ya goga tsohon kaki a ciki, ya tona rami ya zuba garwashi da wasu ganyaye masu ƙamshi, ya kifa amyar a kai ta sha hayaki. Sannan a ja ta da igiya can saman ɗorawa. Na taɓa tambayarsa, "Kaka, yaushe za mu je kamo zuman?" Ya yi dariya ya ce, "Ba a kamo ta, ɗan nan. Ɗaki ake gyara mata kamar amarya, in ya yi mata ta tare."

Sai da na girma na gane wannan dabara ta girmi kakannin kakana, kuma ba mu kaɗai muka san ta ba. A ƙasar Rum, wajen shekara 29 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mawaƙi Birjil ya shawarci manoma su murtsuke ganyaye masu ƙamshi su barbaɗa inda suke son taron zuma ya sauka, su kuma riƙa kaɗa ƙarfe. Manoman Ingila sun daɗe suna bin taron zuma da bugun tukunya. Bugun ƙarfen dai bai tabbata yana da amfani ba, amma ƙamshin gaskiya ne.

A farkon shekarun 1880, wani masani ɗan Rasha, Nikolai Nasonov, ya bayyana wata 'yar gaɓa a ƙarshen cikin ƙudan zuma. Daga baya aka gano cewa daga nan ƙamshin kira yake fita: idan 'yan leƙen gida sun sami wurin da ya yi musu, sai su ɗaga bayansu su riƙa fifita da fikafikai, 'yan'uwa su biyo ƙamshin. Cikin sinadaran ƙamshin akwai wanda ake samu a ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke sawa a shayi. Shi ya sa masu kiwon zamani ke ɗiga man ciyawar a akwatin tarko.

A shekarun 1970 kuma, Thomas Seeley da Roger Morse na Jami'ar Cornell ta Amurka suka jera wa zuman ƙasarsu akwatuna iri-iri. Suka ga ta fi son mai faɗin ciki kamar lita 40, mai ƙaramar ƙofa, wanda ke sama nesa da ƙasa. An kuma san tana son inda wata zumar ta taɓa zama. Da na karanta wannan sai na tuna saman ɗorawa, da 'yar ƙofar amya, da tsohon kaki. Ashe tsohon da bai taɓa shiga aji ba yana kan hanya.

Ga abin da ke damuna. Da na koma ƙauye, ɗorawar an sare ta an yi gawayi, gonakin kewaye kuwa feshin maganin kwari ake yi musu furanni na buɗe. Amyar da ƙanen babana ya rataya ta shekara babu baƙuwa. Ganyayen turaren ma, kakana ya rasu ban tambaye shi sunayensu ba, kuma wannan sakacina ne.

Don haka duk mai tsoho a gida da ya san turaren amya, ya ɗauki biro da takarda ya zauna kusa da shi tun yana raye. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu.