Asibitin karkara: dokokinsa da nauyin da ke kansa

Mai karatu, a ƙauyuka da yawa na Nijar, wanda zai duba ka ba babban likita ba ne, majo ne, wato shugaban asibitin. Shi ke duba marasa lafiya, shi ke rubuta magani, da dare ma shi ake tashi.

Tun shekarar 2006, doka ta ce a duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta. Awon ciki ma haka. Asibiti ke fara ba da maganin, daga baya gwamnati ta biya. Idan biyan ya yi jinkiri, sai ɗakin magani ya zama wayam, a rubuta maka takarda ka sayo a waje. Sau da yawa ba rowar majo ba ce. A 2024 kuma an rage wa manya rabin kuɗin dubawa.

Cunkoso ya fi yawa da damina, lokacin zazzaɓin cizon sauro. Ka yi sammako, ka riƙe karnen yaronka, ka karɓi rasit idan ka biya kuɗi. Amma yaron da ke suma ko jijjiga ba ya jiran layi: ka sanar da ma'aikaci nan take.