Daga Allo zuwa Ajin Ingilishi: Tarihin Koyar da Rubutu da Adabi a Ƙasar Magarya

Dantchiao ƙaramar hukuma ce ta karkara a kudancin jahar Damagaram, cikin yankin Magarya da Dungas, dab da iyakar Najeriya. Yaron da ya tashi a nan yakan shiga ajin Ingilishi ne a shekararsa ta farko a kwaleji, kuma kafin ranar ya riga ya ratsa harsuna uku: Hausar gida, Larabcin makarantar allo, da Faransancin lakwal, wato makarantar boko. Ingilishi ne na huɗu. Wannan jeri yana da tarihinsa, kuma shi ya tsara yadda ake koya wa ɗalibin yankin rubutu da adabi har yau.

Rubutu ya daɗe a ƙasar kafin zuwan Nasara. A ƙarni na 19 ƙasashen Sosebaki, wato Mirya, Waca da Dungas, sun shiga ƙarƙashin daular Damagaram, wadda ta kai ƙololuwar ƙarfinta a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Damagaram tana da tsohuwar alaƙa da Barno, matattarar mahaddata, don haka karatun allo ya yi saiwa sosai. Yaro yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, malam yana rubuta masa a allo yana biyawa, har hannunsa ya faɗa ya soma rubuta wa kansa da alƙalamin kara da tawadar da aka haɗa da ƙaro. A wannan makaranta rubutu kwafi ne: gwaninta ita ce a sauke aya daidai, ba ƙari ba ragi. Waɗanda suka yi nisa su ne suke amfani da ajami wajen wasiƙa, lissafin fatauci da waƙoƙin wa'azi. Adabi kuwa yana bakin jama'a. Tatsuniya tana wurin kaka da dare, kacici-kacici a dandali, kirari da waƙa wurin makaɗa da maroƙa, karin magana a bakin dattawa. Ba wanda ya kira wannan darasi, amma a nan yaro yake koyon yadda ake ƙulla labari da yadda ake warware shi.

Sojojin Faransa sun kama Damagaram a 1899. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila suka tsai da iyaka, sannan ayarin haɗin gwiwa, wanda Kyaftin Tilho ya jagoranta ta ɓangaren Faransa, ya bi ƙasa yana kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Magarya da Dungas suka faɗa arewa, Daura, Babura da Maigatari suka faɗa kudu. Dangi ɗaya ne, kasuwanni ɗaya, amma daga nan makarantunsu suka raba hanya.

A kudu Turawan Ingila sun fara koyarwa da Hausa cikin haruffan boko, tun daga makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Rashin abin karantawa ya sa Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Magana Jari Ce ya biyo baya, sai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ɗan makarantar Daura ya sami adabi a harshensa tun yana elemantare.

A arewa ba haka aka yi ba. Lakwal ta Faransa tana karɓar yaro da Faransanci tun ranar farko, kuma yin Hausa a harabarta laifi ne. An daɗe ana amfani da abin da ake kira sambol, wani ɗan abu da ake liƙa wa duk wanda aka ji ya yi harshen gida, shi kuma ya yi ta fakon wani don ya sauke nauyin, wanda yamma ta riske shi da shi ya sha hukunci. Makarantun kaɗan ne, iyaye da dama kuma suna ɓoye 'ya'yansu. Ko a lokacin da Damagaram take hedkwatar ƙasar, daga 1911 zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai, wanda ya yi fice sai ya bar ƙasar don ƙaro karatu, mafi girman buri shi ne makarantar William Ponty ta Sanagal. Can Bubu Hama ya yi karatu, ya zama malamin boko na farko ɗan Nijar.

Darasin rubutu a lakwal yana tsaye ne kan abubuwa uku. Akwai dikte, wato shifta, inda mushe, wato malamin lakwal, yake karantawa yara suna rubutawa, kurakurai kaɗan kuma suna iya jawo sifiri. Akwai haddar waƙa da almara, musamman labaran dabbobi na La Fontaine, waɗanda ba su yi nisa da labaran gizo da kura ba, sai dai ba a cika nuna wa yaran wannan zumunta ba. Sai insha'i, inda ake ba da jigo a ce a siffanta ranar kasuwa ko saukar damina. Littafin karatun da ya fi yaɗuwa shi ne Mamadou et Bineta na André Davesne. Tsarin ya yi kama da na allo fiye da yadda masu shi suka zata, domin duka biyun hadda da kiyaye harafi suka sa a gaba. Ya fitar da akawuna masu tsabtar rubutu, wannan ba abin rainawa ba ne. Abin da ya gaza shi ne barin yaro ya faɗi nasa tunanin, tunda harshen da yake tunani da shi an bar shi a bakin ƙofa.

Bayan samun mulkin kai a 1960 tsarin Faransa ya tsaya yadda yake: shekara shida a firamare, huɗu a kwaleji da jarrabawar BEPC a ƙarshe, uku a lise da jarrabawar bak. Abin da ya sauya shi ne littattafai. Marubutan Afirka suka shigo aji, irin su Camara Laye, Cheikh Hamidou Kane, Seydou Badian da Mariama Bâ. 'Yan ƙasa ma suka rubuta nasu tarihin. André Salifou, haifaffen Damagaram, ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna Tanimoune, Abdoulaye Mamani kuma ya fitar da Sarraounia a 1980, kan sarauniyar Lugu da ta yi tsayayya da ayarin Voulet da Chanoine a 1899. Ɗalibin da ya je lise, misali ta Amadu Kuran Daga a Damagaram, yakan koyi sharhin nassi, taƙaita shi, da doguwar muƙala mai gabatarwa, hujja, kishiyar hujja da kammalawa. Duk wannan a ajin Faransanci ake yi. Nazarin adabi na sosai can yake zaune.

Ingilishi ya shigo ne a matsayin harshen waje na farko, daga ajin farko na kwaleji. 'Yan sa-kai na Peace Corps daga Amurka, da suka fara isowa Nijar a 1962, rukuninsu na farko malaman Ingilishi ne, kuma ƙungiyar ta ci gaba da aiki a ƙasar har 2011. Da farko ana amfani da littattafan da aka tsara wa ƙasashen Afirka rainon Faransa gaba ɗaya. Daga baya aka samar da jerin English for the Sahel, wanda sunaye da wurare da al'amuran cikinsa na Sahel ne. Adabi a wannan aji bai cika wuce guntun nassi ba: labari mai sakin layi uku ko huɗu, tambayoyin auna fahimta, sai nahawu. Rubutu yana farawa da cike gurbi da jera jimloli, ya kai ga sakin layi da wasiƙa, a lise kuma a nemi gajeren insha'i kan jigo kamar auren wuri ko ci-rani. Ɗalibi da dama ya fi saurin haɗuwa da Chinua Achebe cikin fassarar Faransanci fiye da cikin Ingilishin da ya rubuta.

Babbar wahalar ajin ita ce hanyar da ma'ana take bi. Idan kalma ta gagara, malami yakan fassara ta da Faransanci, harshen da yaron karkara bai gama mallaka ba. In an ba shi insha'i, sai ya ƙulla maganar da Hausa, ya juya ta Faransanci, sannan ya nemo mata Ingilishi, kuma a kowace mashiga wani abu yana zubewa. Alhali kuwa Hausar bakin iyaka cike take da aro daga ɓangarorin biyu. Abin da ɗan Magarya yake ce wa bik, ɗan Babura biro yake ce masa, kuma kowa yana gane na kowa. Yaron da yake bin mahaifinsa kasuwar Maigatari yana ji yana kuma ganin Ingilishi a jikin motoci da kwalaye da takardar naira.

A Nijar Hausa ta shiga aji a makare, amma ta ƙofar Damagaram ta shiga. Taron UNESCO na Bamako a 1966 ya shimfiɗa ƙa'idojin rubuta wasu harsunan yankin, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a birnin Damagaram, cibiyar INDRAP ta Yamai kuma ta riƙa shirya littattafai. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, a 1999 aka tsai da ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar, wadda take amfani da harafin ƴ inda aka saba rubuta 'y a Najeriya, sannan dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda 10. Yawancin wannan aiki a firamare ya tsaya. A wajen makaranta kuwa adabin Hausa bai jira kowa ba. Wasannin kwaikwayon Yazi Dogo, wanda shi kansa malamin makaranta ne, sun cika rediyo da talbijin, littattafan soyayya na Kano, irin na Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, suka tsallako iyaka, 'yan kwaleji da yawa kuma suka koyi karanta Hausa da kansu ta hanyarsu, kafin wayar hannu ta mai da rubuta ta abin yau da kullum.

Tun daga ƙarshen shekarun 1990 kwalejoji suka bazu cikin karkara, tare da malaman kwantaragi. Yara sun ƙaru, amma azuzuwa da dama na zana ne, waɗanda ba a iya kafawa sai an gama girbi an sami kara, ga littafi ɗaya ana rabawa tsakanin ɗalibai. Insha'i ne ya fi shan wahala a irin wannan hali, domin shi ne darasin da yake buƙatar malami ya karanta takardar kowane yaro ya gyara ta da hannunsa. Jami'ar Damagaram, da aka kafa a 2010 kuma yanzu take ɗauke da sunan André Salifou, ta kawo karatun gaba kusa da yankin. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. A lokacin da aka fitar da shi, Faransanci ne harshen koyarwa da na jarrabawa a kwalejojin Magarya da Dungas, Ingilishi kuma darasi ne na 'yan sa'o'i a mako.